Bakteriyofaj da Bambance Ƙwayoyin Cutar da Ke Kama Karnuka

Ƙurajen fata masu mugunya da ciwon kunne suna daga cikin larurorin da likitocin dabbobi ke yawan gani a jikin karnukan gadi da na farauta a unguwanni irin su Sakasaka da ke Tamale, kuma galibi mai haddasa su ita ce bakteriyar Staphylococcus pseudintermedius, wadda masana suka ware a matsayin jinsi na daban a shekarar 2005. Sai dai jinsi guda yana da dangogi da yawa, kuma maganin da ya kashe wani dangi ba lalle ne ya taɓa wani ba.

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, wani nau'in bairos ne da ba ya iya hayayyafa sai a cikin bakteriya, inda yake ƙaruwa har ya fasa ta. Frederick Twort ya fara lura da shi a Ingila a 1915, sannan Félix d'Hérelle ya bayyana shi a Faransa a 1917. Amfaninsa wajen tantancewa ya samo asali ne daga zaɓensa, domin kowane faj yana manne wa dangin da ke da irin ƙofar da ta dace da shi a jikin ƙwayar, ya bar sauran. A ɗakin gwaji ana shimfiɗa bakteriyar da aka ɗebo daga gyambo a kan faranti mai abincin raino, a ɗiga faj iri-iri a gurabe daban-daban, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Duk gurbin da ya washe yana nuna cewa faj ɗin ya cinye ta, kuma jerin guraben da suka washe shi ne shaidar dangin. Idan karnuka biyu suka ba da jeri guda, akwai alamar cutar daga tushe ɗaya take.

Ko da yake binciken ƙwayoyin halitta ya fi wannan dabara daidaito a yau, ta koyar da cewa ido ba ya tantance dangi. Saboda haka mai kare da ke sayen kafso a kemis yana ɗura masa ba tare da gwaji ba, yana ƙarfafa dangogin da ba sa jin magani, waɗanda a wasu lokuta kan kama mutum ta rauni ko cizo. Abin da ya dace shi ne a kai dabbar ga jami'in kula da dabbobi ya ɗebi samfur, ya tura ɗakin gwaji irin na Pong-Tamale, a kuma kammala maganin da aka rubuta, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa gyambon.