DARASI: WAJABCIN KOMAWA KAN ABIN DA MUTUM YA YAƊA DON GYARA SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani a da kaset ɗin wa'azi sai ya yi kwanaki kafin ya tashi daga Maraɗi ya kai Tawa. Yau kuwa saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana isa Yamai da Damagaram kafin mai shi ya sauke wayar daga bakinsa. Aya ta 18 cikin Suratu Ƙaf ta sanar da mu cewa ana rubuta dukan furucin ɗan Adam. Ya kuma tabbata cikin Sahihu Muslim cewa mai kira zuwa ga ɓata yana ɗaukar kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Ke nan kuskuren da ka saki yana nan yana yi maka aiki, kana barci ko kana kabari.

Magabata ba su ji kunyar bitar ayyukansu ba. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya daɗe yana tace Muwaɗɗa, yana ragewa yana gyarawa, har ruwayoyin almajiransa suka bambanta. Wadda muke karantawa a zaurukanmu ita ce ta Yahaya bin Yahaya Allaisi. Imamu Shafi'i da ya koma Masar ya sake duba fatawoyin da ya bayar a Bagadaza, ya janye da dama, shi ya sa ake cewa yana da tsohon ƙauli da sabo. Imamu Buhari shekara 16 ya yi yana tantance Sahihinsa. To, mu su wane ne?

Ga abin da ya kamata:

Na ɗaya, ka keɓe lokaci, ko da ranar Juma'a ce, ka sake sauraron abin da ka faɗa, ka karanta abin da ka rubuta, kamar na wani ne.

Na biyu, kowace aya ka duba ta cikin Mus'hafi, kowane hadisi ka nemi asalinsa da darajarsa.

Na uku, ka kai wa malamin da ba ya jin nauyinka ya duba.

Na huɗu, idan ka ga kuskure, gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin wasu sun riga sun ɗauka. Aya ta 160 cikin Suratul Baƙara ta haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa. Inda ka yi ɓarna, nan za ka yi gyara. Wanda ka ci mutuncinsa kuma ka nemi gafararsa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya sa mu cika da imani, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.