Harsashin Manyan Libarba da Gubar Dalma a Jikin Halittu

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai tulu da ke juyawa ɗauke da harsasai. A cikin manyanta akwai samfurin .44 Magnum, wanda kamfanonin Smith & Wesson da Remington na Amurka suka fito da shi a 1955, kuma mafarauta a can suna harbin barewa da aladun daji da shi. Abin da ya shafi masanin halittu a nan shi ne abin da harsashin yake bari a jikin dabba bayan an harbe ta.

Yadda harsashi yake aiki

Ƙarfin harsashi ya dogara ne a kan nauyinsa da saurinsa. Idan aka ninka nauyi sau biyu, ƙarfin ya ninku sau biyu. Idan kuwa sauri aka ninka sau biyu, sai ƙarfin ya ninku sau huɗu. Libarba ba ta kai doguwar bindiga sauri ba, saboda haka ake cike gurbin da nauyi. Harsashin .44 Magnum da aka saba da shi yakan kai kimanin giram 15. An zaɓi dalma ne domin tana da nauyi, giram 11.3 a kowace santimita mai murabba'i uku, ga laushi, ga sauƙin narkewa a digiri 327.

Akwai harsasai na musamman masu rami a baki, waɗanda suke buɗewa kamar laima idan sun shiga nama. Wannan buɗewa takan sa ɓarɓashin dalma ya warwatsu a cikin nama da kayan ciki, wani ɓarɓashin ma ido ba ya iya ganinsa.

Dalma a cikin jiki

Jiki yakan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalsiyom, sai ta taru a ƙashi, ta hana sarrafa jini, ta lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Ungulu ya fi kowa cutuwa, domin ruwan cikinsa mai tsami yana narkar da ɓarɓashin. A 1982 babban ungulun Kalifoniya ya ragu zuwa guda 22 kacal, kuma gubar dalma na cikin manyan dalilai. Wannan ya sa jihar ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 2019, aka koma ga na jan ƙarfe, wanda yake buɗewa ba tare da ya farfashe sosai ba.

Darasi a gida

Mai karatu ba zai manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya. Haka kuma ruwan da masana'antun jima na Challawa, Sharada da Bompai suke fitarwa yana ɗauke da ƙarafa masu guba irin su kuromiyom. Ka'idar ɗaya ce: ƙarfe ba ya ruɓewa, sai dai ya tashi daga jiki zuwa jiki. Don haka wajibi ne mafarauci ya yanke naman da ke kewaye da raunin harbi, ya binne shi tare da kayan ciki, kada yaro ko ungulu ya ci.