Auna Firosesa Kafin Saye: Darasi Daga Shagunan Bidiyo na Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, zai lura da wata sana'a da ta bunƙasa a hannun matasa. Ita ce sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo, da tsara katin gayyata, da kalandar biki, da fastar 'yan takara. A Gwarzo da Kabo, har da garuruwa irin su Getso da Garo, da wuya a yi ɗaurin aure ko saukar karatu ba a ga mai kyamara ba. Bayan an watse, aikin yakan koma kan kwamfuta, inda ake yankewa, a jera, a gyara launi da sauti.

Idan kwamfutar nan ta fara nawa, shawarar da aka fi ba mai shago ita ce ya sayi firosesa mafi ƙarfi a kasuwa. Shawarar tana da daɗin ji, amma tana iya cinye jarin shekaru ba tare da ta magance matsalar ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi yadda ake auna irin wannan na'ura a kimiyyance. Ka'idar guda ɗaya ce: ba a yanke wa firosesa hukunci da lambobin da ke jikin kwalinsa, sai da irin aikin da zai yi da kuma wurin da zai yi shi.

1. Mene ne firosesa?

Firosesa wani ɗan falle ne na sinadarin silikon wanda ke aiwatar da umarnin da manhaja ta bayar. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda ke buɗewa da rufewa don yin lissafi. Firosesa na farko da aka sayar a kan falle guda shi ne Intel 4004 na shekarar 1971, mai taransista 2,300. Pentium na 1993 yana da miliyan 3.1. Na yanzu kuwa ana ƙirga nasu da biliyoyi.

Abu biyu ne masu talla suka fi ambata. Na farko shi ne gudu, wato yawan bugun agogon firosesa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna shi da gigahaz. Gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne yawan ƙwayoyin aiki, waɗanda masu sana'a ke kira kor. Kowace ƙwaya tamkar ƙaramin firosesa ce mai cin gashin kanta. Sai a shekarar 2005 ne kamfanonin Intel da AMD suka fara sayar da firosesa mai ƙwaya biyu don kwamfutar tebur. A 2017 AMD ya fito da jerin Threadripper mai ƙwaya 16, a 2020 kuma ya kai su 64.

2. Dalilin da ya sa aikin ya yi nauyi

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, kaset ake amfani da shi, kuma haɗa fim yana nufin kwafe hoto daga wannan kaset zuwa wancan. A yau kuwa kowane hoto lambobi ne da kwamfuta za ta lissafa. Hoto ɗaya na nau'in 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla 8,294,400. Idan ana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, ɗigon da za a sarrafa a daƙiƙa guda sun haura miliyan 207, kuma bidiyon awa ɗaya yana ɗauke da hotuna 90,000. Wannan ya ninka nauyin hoto mai ɗigo 1,920 da 1,080 har sau huɗu. Tun da wayoyin hannu da yawa suna ɗaukar 4K, nauyin da a da sai manyan kamfanonin fim na birni ke fama da shi ya iso ƙaramin shago a Kabo.

3. Gayya da haƙar rijiya

Ga misalai biyu daga kamfani guda, don kwatanci ya yi adalci. Ryzen 9 7950X na 2022 yana da ƙwaya 16, gudunsa yana kaiwa gigahaz 5.7, an tsara shi a kan wat 170, kuma an fara sayar da shi dala 699. Threadripper 7980X na 2023 yana da ƙwaya 64, gudunsa yana kaiwa gigahaz 5.1, yana jan wat 350, farashinsa na farko kuma dala 4,999. Magajinsa na 2025, wato 9980X, shi ma ƙwaya 64 da wat 350 gare shi. A shekarar 2024, lokacin da dala ta kai naira 1,500, na farkon ya ɗan haura naira miliyan 1, na biyun kuwa kimanin miliyan 7.5, ban da kuɗin dako da haraji.

Abin tambaya shi ne, shin ninka ƙwayoyi sau huɗu yana ninka saurin aiki sau huɗu? Amsar tana ga manomi. Idan aka kira gayya don nome gona, mutum 64 za su riga mutum 16 gamawa, domin kowa zai kama kunyarsa. Amma idan rijiya ake haƙa, mutum ɗaya ne ke iya tsayawa a ƙasan ramin. Sauran sai jira a baki. A nan ƙarfin mutum guda ne ke da amfani, ba yawan jama'a ba.

Ayyukan kwamfuta ma haka suke. Wasu suna rabuwa kamar gona, wasu kuma sai an gama mataki kafin a shiga na gaba. Masani Gene Amdahl ya bayyana wannan a shekarar 1967, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. A ƙaddara wani aiki yana cin minti 100 a kan ƙwaya ɗaya, kuma kashi 90 cikin 100 nasa yana rabuwa. Minti 10 na nan daram ko da ƙwayoyi nawa ne. Da ƙwaya 16, sauran minti 90 za su koma 5.6, jimla minti 15.6. Da ƙwaya 64 za su koma 1.4, jimla minti 11.4. Wato ke nan an biya ƙarin naira miliyan 6 da ɗoriya don a rage minti 4. Idan kuwa kashi 99 ne ke rabuwa, ƙwaya 16 za su gama a minti 7.2, ƙwaya 64 kuma a minti 2.5. A nan kam bambancin ya kusa ninki uku.

Saboda haka wajibi ne a san ajin da kowane aiki yake. Gyaran hoto a Photoshop da tsara kalanda a CorelDRAW sun fi kama da haƙar rijiya; gudun ƙwaya ɗaya suka fi buƙata, kuma a nan firosesa mai arha yana iya shan gaban mai tsada. Fitar da zanen kwamfuta mai siffar zahiri a manhajar Blender ya fi kama da gayya. Haɗa bidiyo a Premiere Pro ko DaVinci Resolve yana tsakani: yana amfana da ƙarin ƙwayoyi har zuwa wani mataki, daga nan ribar ta riƙa raguwa.

4. Abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da aiki

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san ka'idar da Bajamushen nan Justus von Liebig ya yayata a ƙarni na 19: girman shuka ba ya bin jimlar abincin da ke cikin ƙasa, yana bin sinadarin da ya fi ƙaranci. Gonar masarar da ta rasa sinadarin fosfaros ba za ta gyaru ba don an ƙara mata yuriya.

Kwamfuta ma tana da abubuwa huɗu da ke aiki tare: firosesa, da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, da katin sarrafa hoto, da ma'ajiyar dindindin. Idan ram ya cika, firosesa zai zauna yana jira. Idan bidiyon yana kan tsohon faifai mai juyawa maimakon SSD, haka nan zai yi jira. Gyaran launi a DaVinci Resolve kuwa ya fi dogara ga katin hoto. Daɗin daɗawa, bidiyon waya da na kyamara yawanci a matse suke zuwa, cikin tsarin H.264 ko H.265, kuma katunan hoto na zamani suna da sashe na musamman don warware su. Threadripper ba shi da sashen hoto a cikinsa ko kaɗan, dole sai an saya masa kati daban. Yana kuma buƙatar babban allo da ram irin nasa, masu tsada. Inda ya yi fice shi ne yana da hanyoyi huɗu na isa ga ram maimakon biyu, da guraben haɗa katuna da ma'ajiyai masu yawa, abin da ke amfanar babban kamfani mai ɗimbin aiki.

5. Zafi, ƙura da wutar lantarki

Duk wutar da firosesa ya ja, zafi take komawa. Jikin baligi da ke hutawa yana fitar da zafin kimanin wat 100, ƙwaƙwalwarsa kuma wat 20 kacal take ci. Firosesa mai wat 350 yana fitar da zafin da ya fi na mutum uku, daga wurin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Jiki yana kare kansa ta hanyar gumi. Firosesa kuwa fanka da ƙarfen shan zafi ko ruwa ke kare shi. Idan zafinsa ya kai iyaka, wadda a misalan nan biyu digiri 95 ce a ma'aunin salshiyos, sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace.

Abin lura a nan shi ne, na'urar sanyaya ba ta iya sauko da zafi sai gwargwadon iskar ɗakin. Gwaje-gwajen da ake wallafawa a ƙasashen waje galibi a ɗakuna masu sanyi ake yin su. A ƙasar Kano zafin watan Afirilu yana kaiwa digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ya fi haka. Firosesan da ya yi zarra a ɗaki mai digiri 22 yana iya rage gudu a Gwarzo da bazara. Da hunturu kuma ƙura takan toshe ƙarfen shan zafi, sai an riƙa hure shi a kai a kai.

Sai batun wuta. Idan aka haɗa wat 350 na firosesa da kimanin 300 na babban katin hoto da 150 na allon kallo da sauran kaya, an sami wat 800. Aikin awa 10 zai ci yunit 8 a rana. Farantin sola mai wat 400 yana ba da kusan yunit 2 a rana mai haske, don haka idan aka cire asarar batir da inbata, sai an tanadi faranti 5 ko 6 don kwamfutar kaɗai. Mai dogaro da janareta kuwa ya san yadda kuɗin fetur ya tashi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Bugu da ƙari, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya mayar da edita farko, shi ya sa na'urar riƙe wuta, wato UPS, take cikin lissafi.

6. Yadda ake gwaji

Akwai manhajojin gwaji irin su Cinebench, masu ba kowane firosesa maki biyu: na ƙwaya ɗaya da na dukkan ƙwayoyi. Suna da amfani, amma aikinsu irin na gayya ne tsantsa, don haka makin na biyu yakan fifita mai ƙwayoyi da yawa. Gwajin da ya fi inganci shi ne wanda aka yi da aikin shagon kansa, bisa ka'idojin da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje:

(a) A zaɓi aiki na gaske, alal misali bidiyon biki na minti 10.
(b) A sauya abu ɗaya kawai. Idan firosesa ake aunawa, katin hoto da yawan ram da ma'ajiya da manhaja su zama iri ɗaya.
(c) A maimaita sau 3, a ɗauki matsakaici.
(d) A rubuta zafin ɗaki, kuma a bar na'urar ta yi aiki na aƙalla minti 30, domin raguwar gudu ba ta bayyana nan take.
(e) A buɗe Task Manager a Windows a duba wane sashe ne ya cika maƙil. Shi ne sinadarin da ya yi ƙaranci.
(f) A raba ƙarin kuɗin da za a kashe da yawan awannin da za a rage a shekara.

Kammalawa

Babban firosesa irin Threadripper na'ura ce ta ƙwarai, kuma ya cancanci kuɗinsa a wurin da ake zanen kwamfuta mai siffar zahiri dare da rana, ko kamfanin da ke haɗa shirye-shirye masu dogon zango da yawa a lokaci guda, ga wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Ga shagon da yawancin aikinsa bidiyon biki da kalanda ne, firosesa mai ƙwaya 8 zuwa 16, da isasshen ram, da katin hoto mai kyau, da SSD, da tsayayyar wuta, za su fi biyan buƙata, kuma rarar kuɗin ta isa sayen kyamara da farantan sola. Wanda ya gwada kafin ya saya ya tsare jarinsa. Wanda ya saya don suna kuwa, yana iya tarar da ƙwayoyi 64 a shagonsa, 50 daga cikinsu suna tsaye a bakin rijiya.

Tambayoyi don ɗalibai

1. Wani aiki yana cin minti 200 a kan ƙwaya ɗaya, kuma kashi 80 cikin 100 nasa yana rabuwa. Minti nawa zai ci a kan ƙwaya 8? Nawa kuma a kan ƙwaya 32?
2. Ɗigo nawa ne a cikin bidiyon 4K na minti ɗaya, idan ana nuna hoto 25 a daƙiƙa?
3. A bayyana dangantakar ka'idar Liebig da nawar kwamfuta.
4. Kwamfuta mai jan wat 450 tana aiki awa 8 a rana. Yunit nawa za ta ci a kwana 30?
5. Aikin aji: da jagorancin malami, ɗalibai su ziyarci wani shagon bidiyo a garinsu, su rubuta ayyukan da ake yi a cikinsa, su raba su gida biyu, na gayya da na haƙar rijiya.