Darasin Lafiya: Maganin Ciwon Sukari da Tsoron Ciwon Daji

'Yan'uwa, a bayan tumbinmu akwai wata tsoka da likitoci ke kira pankiriyas. Ita ce ke yin insulin, wanda ke daidaita sukari cikin jini.

A shekara ta 2013 tsoro ya yaɗu, wai wasu sababbin magungunan ciwon sukari, kamar sitagliptin da exenatide, suna jawo ciwon daji a wannan tsoka. Hukumomin kula da magani na Amurka da na Turai suka bincika maganar. A 2014 suka ce ba su ga shaidar haka ba.

Amma ga abin lura. Wani lokaci dajin ne ke fara ɓata tsokar a ɓoye, sa'an nan sukari ya bayyana. Mutum ya soma shan magani, daga baya a gano dajin, sai a ɗora wa maganin laifi.

Saboda haka:

1. Kada mu bar maganinmu domin jita-jita. Sukarin da ba a kula da shi ba yakan makantar da mutum, ya lalata ƙoda, har ya sa a yanke ƙafa.
2. In idonmu ya yi rawaya, ko ciwon ciki yana ratsawa zuwa baya, ko muna ramewa ba dalili, mu hanzarta zuwa asibiti.
3. Mu daina shan taba, gama tana ƙara hatsarin wannan daji.

Tambaya: Wa muka sani da ya bar maganinsa don tsoro? Yaya za mu taimake shi?