Ga lauyan da shari'ar iyali ke girgiza wa imani

Ɗan'uwa, a shari'ar aure da gado za ka ga mutum ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse a kan ƙarya don ya cinye gonar marayu. Ranar nan sallah ma sai ta yi maka nauyi. Kada ka haɗiye damuwar kai kaɗai. Ka zauna da malamin da ka amince da shi, ba tare da tona asirin wanda kake karewa ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Kano ke bi, riƙon yaro yana hannun uwa har ya balaga, yarinya kuwa har ta tare gidan miji. Uban da ke son ka ƙaga wa tsohuwar matarsa sharri don ya ƙwace 'ya'ya, mayar masa da takardunsa tun kafin ka taɓa kuɗinsa.