Ku Bar Musu Bayan La'asar

'Ya'yana, musamman ku da kuka fara ajiye iyali a nan Garwa, ku matso mu yi magana a kan wasan yara, don na lura kun fara ɗaukarsa shiririta. Yaro ya taso daga boko a tura shi allo, ya dawo daga allo a aza masa tiren gyaɗa, in aka gan shi yana tsalle a ce ba shi da hankali. Karatu wajibi ne, taya iyaye aiki kuma tarbiyya ce. Amma tsakanin la'asar da magariba akwai ɗan lokacin da iyayenmu, duk da talaucinsu, ba su taɓa ƙwace mana ba.

Ku dubi watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, manya sun baje ƙarƙashin darbejiya suna fifita, kowa na lissafin kuɗin hatsi. Rana na yin sanyi za ku ga yaran Yelwa da Fulɓere sun fito, maza na langa, mata sun zauna carafke. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai ƙera mota. Zai samo karan dawa ya fere ɓawon siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa sossoka ɓawon a ciki har bodi ya tashi. A zamaninmu da sakaina muke yin taya, su kuwa tsohon silifa suke yankawa. Ba kowace mota yake so ba, sai irin tirelar Sodecoton da ya gani ta wuce shaƙe da auduga. In gindin ya karye ya sake, ba mai biyansa, ba mai duba masa. Haƙurin da kuke ta yi masa wa'azi a kai, ga shi nan yana koya wa kansa.

Haka ƙwallon tsumma. Kafin a buga sai an raba gida biyu, ana bugawa kuma sai an yi gardamar ko ta shiga ko ta bi ta saman dutse, an yi fushi, an shirya ba tare da babba ya sa baki ba. Na san abin da ke ranku: Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport, ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a 2017 a kan Masar. Madalla da shi. Sai dai kada ku bar yaro ya yi wasa don kuna hangen Turai. Yawancinsu a sana'a ko gona ko kasuwa za su ƙare, kuma can ma za su buƙaci sanin yadda ake faɗuwa a tashi a kaɗe riga.

Yara na da wata baiwa da mu manya muka rasa: ba sa ɗaukar damuwar gobe su haɗa da ta yau. A 2012, da ruwa ya yi yawa aka saki madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya cinye gonaki da gidaje tun daga nan har cikin Najeriya. Iyaye na jimamin abin da ruwa ya tafi da shi, yara kuwa sun sami laka suna gina shanu. A Minawao ma, sansanin da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013 don waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya, akwai yaran da a can aka haife su, kuma suna buga ƙwallo kamar na ko'ina.

To, a nan ne nake so ku yi hattara. Dariyar yaro ba ta nufin bai ji komai ba. Yana jin yunwa, yana jin faɗan da kuka yi da dare kuna zaton barci yake. Ku saurari yarinya tana magana da 'yar tsanarta, za ku ji maganganunku ne take maimaitawa, har da irin muryar. Ta nan take sauke abin da ya yi mata nauyi, ba ta da wata hanyar.

Saboda haka mai ƙiriniya ba ya tayar mini da hankali, in dai bai nufi kogi ba, don Binuwai da dorinarta ba wurin wasa ba ne. Wanda nake so ku sa wa ido shi ne wanda jiya yake cikin tsakiyar fili, yau ya raɓe jikin bango yana kallo. Kada ku yaba masa da natsuwa. Ku kira shi, ku taɓa goshinsa, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. In da zafi, a kai shi asibiti a ranar. In babu, ku zaunar da shi kusa da ku, ku tambayi uwarsa abin da ya faru a gidan cikin makon nan.