Gyaran Gida Gabanin Biki: Darasin Ƙirga Kwanaki

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ga hutu ya matso, kowa zai koma gida. Da yawa daga cikinmu za mu tarad da iyayenmu suna shirin gyaran gida saboda Kirsimati ko Salla. Tun da yake mu ne 'yan makaranta, mu za a miƙa wa takarda da fensir a ce mu yi lissafi. Don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya game da wannan al'amari, na kuwa koye shi da tsada.

Garinmu Madalla yana gindin Dutsen Zuma, cikin ƙasar Suleja, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Kaduna. Suleja ita ce dā ake kira Abuja, kafin a ba sabon babban birnin ƙasa wannan suna bayan an ƙirƙiro shi a 1976. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko a 1991, sai ma'aikata masu neman haya mai sauƙi suka cika garuruwan kewaye, har da namu. Gidajen ƙasa suka riƙa komawa na bulo da siminti. Amma fa mutane da yawa sun karɓi siminti ba su san halinsa ba.

Abin da ya same mu

Wata shekara, saura kwana 16 Kirsimati, mahaifina ya kwashi adashi. Ga shi kuwa yayata za ta zo da mijinta da surukanta. Sai ya ce a sāke kwanon ɗaki biyu, a yi wa bango shafe, a buga fenti. Na ce masa, "Baba, anya kwanakin za su ishe ku?" Ya ce ai birkila ya yi alkawarin gamawa cikin kwana goma.

Aka ba birkila da kafinta kuɗin aikinsu duka tun ranar fari. Aka yaye rufi, sa'an nan aka ga katako rabinsa gara ta cinye, alhali ba a sa shi cikin lissafi ba. Kafin a samo kuɗinsa, mai shagon da muke sayayya ya rufe ya tafi garinsu. Birkila kuma yana riƙe da aikin gida uku, sai mu gan shi yau, gobe ba shi. Daga ƙarshe aka buga fenti a kan shafen da bai wuce kwana huɗu ba. Baƙi suka kwana cikin warin fenti, Mama ta yi girki a tsakar gida kusa da tarin yashi. Kafin watan Fabrairu ya ƙare fenti ya soma ɓarewa, bango ya tsattsage. Abin da ya fi mini ciwo shi ne, ƙanena bai koma makaranta a kan lokaci ba, gama an taɓa kuɗinsa an sayi katako.

Laifin ba na birkila kaɗai ba ne. Mu ne muka fara ƙirga daga ranar da kuɗi ya shigo hannu, maimakon mu ƙirga daga ranar biki mu yiwo baya.

Halin siminti

Mutane suna tsammani siminti bushewa yake yi kamar laka. Ba haka ba ne. Haɗuwa yake yi da ruwa, wannan haɗuwa ita ke sa shi tauri, tana kuwa tafiya sannu sannu. Idan ruwan ya ƙafe da wuri, sai aikin ya tsaya a rabi. Shi ya sa ake yayyafa wa sabon gini ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, kuma masana gini ba su ƙirga kankare ya kai ƙarfinsa sai ya cika kwana 28.

To, Kirsimati kullum cikin hunturu take faɗuwa. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan shafe tun bai kama ba. Saboda haka a wannan lokaci ba-ruwa ya fi zama wajibi. Bayan an gama ba shi ruwa kuma, sai a bar shi ya sha iska. Sabon shafe yana da danshi a ciki, yana kuma da kaifi irin na ruwan toka, su biyun nan suna cin fenti. Ƙa'ida ita ce a jira wajen mako huɗu kāna a shafa fenti.

Maginan ƙasa na dā sun san irin wannan haƙuri. Da rani suke gini, su shanya tubali ya bushe sarai, ba su kuwa ɗora sahu bisa sahu sai na ƙasa ya sha iska. Mu ne muka ɗauka kayan zamani sun ɗauke mana jira.

Yadda ake ƙirgawa

A ce ana so a gyara rufi, a yi shafe, a yi fenti kafin 25 ga Disamba. Sai a fara daga ƙarshe.

1. Shara, da mayar da kaya, da fitar wari: kwana 7. Watau a gama fenti ran 18 ga Disamba.
2. Fenti: kwana 3. A fara ran 15 ga Disamba.
3. Jiran shafe: kwana 28. Lalle a gama shafe ran 17 ga Nuwamba.
4. Shafe: kwana 7. A fara ran 10 ga Nuwamba.
5. Rufi: kwana 7. A fara ran 3 ga Nuwamba.
6. Ciniki da sayen kaya: kwana 7. A fara ran 27 ga Oktoba.

Jimla kwana 59 ke nan, wajen wata biyu. Wannan ya yi daidai da yanayin ƙasarmu, domin a Suleja ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Wanda ya zo da kuɗinsa ran 9 ga Disamba, kamar mahaifina, ba shi da kwana 59. Abin da ya kamace shi shi ne ya zaɓi abu ɗaya da zai ƙare, kamar toshe yoyo ko fentin tsohon bango, ya bar sauran sai Janairu.

Ga 'yan'uwanmu Musulmi kuwa akwai ƙarin lissafi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka Salla tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Babbar Salla ta 2024 ta faɗo ran 16 ga Yuni, ta 2025 kuwa ran 6 ga Yuni, duka cikin damina. Mai hankali ba ya yaye rufinsa a watan Yuni. Ƙaramar Salla kuma azumi ne a gabanta, lebura mai azumi kuwa ba ya iya kwaɓa siminti da tsakar rana kamar kullum. Gara a gama aiki mai nauyi tun cikin Sha'aban.

Kuɗi da ma'aikata

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a raba kuɗin gida kashi uku: na gyara, na biki, da na makaranta. Kada wani kashi ya ci ɗan'uwansa. Daga cikin na gyara kuma a ware kashi ɗaya cikin goma a ajiye, domin ba a sanin cutar tsohon gida sai an buɗe shi.

A sayi kaya da wuri. Mutanen Madalla da yawa sukan je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, a gaba da Zuba. Yawancin 'yan kasuwar da suka fito daga Kudu sukan tafi gida a makon Kirsimati, ba su dawowa sai an shiga sabuwar shekara, kuɗin mota kuma yakan hau. Buhun siminti kilo 50 ne. A ɗora shi bisa katako cikin ɗaki, gama in ya sha danshi ya daskare, ya tashi aiki.

Kada a ba ma'aikaci kuɗinsa duka tun farko. A biya shi sau uku: da farawa, da tsakiya, da gamawa. A rubuta abin da aka shirya a gaban shaida, a kuma tambaye shi ran da zai tafi garinsu. Wannan ba rashin amana ba ne, shi ma yana kāre shi daga mai gida mai sāke magana. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Zaman gida lokacin aiki

A yi ɗaki ɗaya ɗaya, kada a buɗe gida duka. Kada a taɓa madafa da makewayi a makon biki. A tattara tsofaffin ƙusoshi da guntayen kwano kowace yamma saboda ƙafafun yara, a rufe durom ɗin ruwa, a kashe lantarki kafin kafinta ya hau sama. In akwai 'yan haya, a gaya musu tun da wuri. Kada kuma a zube yashi a bakin ƙofar maƙwabci, domin a garinmu biki na kowa ne, mai Salla yana aika wa mai Kirsimati nama, shi ma ya rama da shinkafa.

Tambayoyi

Waɗanda za su je koyon koyarwa suna iya ba 'yan aji shida waɗannan a darasin lissafi.

1. In biki ya faɗo ran 1 ga Janairu, yaushe za a fara aikin kwana 59?
2. Don me ake ba sabon shafe ruwa, alhali ana so ya bushe?
3. Mutum yana da kwana 16 kaɗai. Wane aiki cikin shidan nan zai iya yi, wanne zai bari?

Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa mu zama masu amfani ga iyayenmu.